Ninka Baƙin Ƙarshe a Turanci: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Wannan gargaɗi ne ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare a Ƙofa da sauran garuruwan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa masu shirin zana WAEC da NECO, da malamansu, da masu rubuta allunan shaguna a bakin titi. Ba lallashi ya kawo ni ba. Duk shekara yaran da suka san abin da za su faɗa, suka kuma iya tsara shi, suna zubar da maki a kan harafi ɗaya tak: ko sun cusa shi inda ba a nemansa, ko sun bar shi inda ya zama dole.

Ga lissafin. A jarrabawar Turanci ta WAEC insha'i na da maki 50, kuma kalmomi kusan 450 ake so. Daga ciki an ware maki 10 don tsabtar rubutu, wato daidaiton haruffa da nahawu da alamomin tsayawa, kowane kuskure kuwa rabin maki yake ci. Kuskure 20 ya lashe goman ƙaf. Dubi wasiƙar da ta fara da *I am writting to tell you that I am comming home at the begining of the holiday*. Jimla ɗaya ce, amma jan biro ya zagaye wuri uku, maki ɗaya da rabi ya tafi tun ba a shiga maganar ba. Wanda ya san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci ba zai raina wannan ba.

Tushen matsalar kunne ne. A Hausa, baƙi biyu a rubuce baƙi biyu ne a baki. Ba mai rikita baba da babba, ko daba da dabba, ko mana da manna, kuma duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san aikin shadda. Turanci ba haka yake ba. A *dinner* n ɗaya ake furtawa, kamar yadda ɗaya ake furtawa a *diner*. Abin da ya bambanta su wasalin da ya zo kafin n ɗin ne. Rubutunmu na boko bai damu da nuna tsawon wasali ba, shi ya sa garin Bebeji da garin masara rubutunsu ɗaya. Turanci kuwa ya ɗora wa baƙi aikin gadin wasali: baƙi na biyun shinge ne da ke hana wasalin ɗafa-ƙeya tsallakowa ya sauya wa wasalin tushe sauti. Dabarar ta daɗe. Tun a ƙarni na 12 wani malamin kirista a Ingila mai suna Orm ya rubuta littafinsa Ormulum yana ninka baƙi don nuna gajeren wasali. Saboda haka kunne ba zai fisshe ku ba, sai ƙa'ida.

ABIN DA ZA A YI

1. Ku yi wa kowace gajeriyar kalma tambaya uku kafin biro ya taɓa takarda. Gaɓa ɗaya ce? Wasali ɗaya ne a cikinta? Baƙi ɗaya ne a ƙarshenta? In amsar duka ukun i ce, kuma ɗafa-ƙeyar da za a liƙa da wasali ta fara, to ninki ya wajaba. *Stop* ya zama *stopped*, *plan* ya zama *planning*, *big* ya zama *bigger*, *hot* ya zama *hottest*, *run* ya zama *running*, *sit* ya zama *sitting*. In an ce ku ba da labarin ziyarar da kuka kai madatsar ruwa ta Tiga, iyon da kuka gani *swimming* ne da m biyu. In malamin noma ya tambayi haɗa dawa da wake a gona ɗaya, *mixed cropping* ne da p biyu. Tambaya ɗaya ta faɗi, ninki ya faɗi.

2. Ku haddace ɗafa-ƙeyar da ke jawo ninki. Su ne masu farawa da wasali: *-ing, -ed, -er, -est, -en, -ish, -able, -ence, -ance*. Ku saka *-y* a cikinsu, domin a ƙarshen kalma aikin wasali take yi: *sun* da *sunny*, *mud* da *muddy*, *fun* da *funny*. Haka *fat* da *fatten*, *red* da *reddish*, *rot* da *rotten*.

3. Ku koma ga tushen kalma ku duba ko da e marar sauti ya ƙare. Nan ne aka fi yin asara. In tushe ya ƙare da wannan e, cire ta ake yi a liƙa ɗafa-ƙeya, ba a ninka komai. In babu e, kuma kalmar ta ci tambayoyi ukun nan, a ninka. Dubi abin da harafi ɗaya ke jawowa. *Hoping* fata ne, *hopping* tsalle-tsalle ne. *Planning* shiri ne, *planing* kankare katako ne irin na kafinta. *Later* daga baya ne, *latter* na biyun cikin abu biyu ne. *The chief was robed* na nufin an sanya wa basarake alkyabba, *the chief was robbed* kuwa fashi aka yi masa. Ɗan Doguwa da zai yi rubutu a kan haƙar kuza a Riruwai ya sani tushen *mine* ne, don haka *mining* da *miner* zai rubuta da n ɗaya a tsakiya, amma haƙar ramin kanta *digging* ce da g biyu, domin tushenta *dig*.

4. A kalma mai gaɓa biyu ko fiye, ku nemi gaɓar da murya ke dannewa. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da sauka, Turanci kuwa danne gaɓa ɗaya yake yi ya sassauta sauran. In dannin ya faɗa a gaɓar ƙarshe, kuma ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, a ninka: beGIN ya ba da *beginning*, adMIT ya ba da *admitted*, forGET ya ba da *forgetting* da *forgotten*, ocCUR ya ba da *occurred*, preFER ya ba da *preferred*, subMIT ya ba da *submitted*. In dannin yana baya, a bar baƙin shi kaɗai: VIsit da *visited*, Open da *opening*, HAPpen da *happened*, OFfer da *offered*, SUFfer da *suffering*, LImit da *limited*, MARket da *marketing*, deVElop da *developing*. Ku lura, yadda muke furta Turanci a nan kan yaudare mu. Da yawa daga cikinmu kan danne ƙarshen *interpret*, alhali a tsakiya dannin yake, shi ya sa *interpreted* da *interpreter* t ɗaya gare su a ƙarshen tushe.

5. Ku bi dannin murya in ya yi ƙaura. Wata ɗafa-ƙeyar kan janye shi daga ƙarshe ta mayar da shi farko, in ya tashi kuwa ninki ya bi shi. *Refer* ya haifi *referred* da *referring* masu r biyu, amma REFerence r ɗaya ce. *Prefer* ya haifi *preferred*, amma PREFerence. *Confer* ya haifi *conferred*, amma CONference. Alƙalin wasan ƙwallo ma *referee* ne da r ɗaya a tsakiya. *Occurrence* kuwa r biyu ce, domin danninta bai gusa daga inda yake ba.

6. Ku ba harafin l hukuncinsa na daban. A rubutun Ingila, wanda makarantunmu suka gada, kalmar da ta ƙare da wasali ɗaya da l ana ninka mata l ko ina dannin yake: *travelled, traveller, cancelled, labelled, quarrelled, levelled, marvellous*. Kansilan mazaɓarku *councillor* ne da l biyu, mai ba ɗalibai shawara a makaranta kuma *counsellor*. Amurkawa l ɗaya suke sa wa irin waɗannan, bin tafarkin Noah Webster wanda babban ƙamusunsa ya fito a 1828. Inda dannin ke ƙarshe kuwa ba saɓani, kowa ninkawa yake: *controlled, expelled, compelled, patrolling*. Gaban *-ise* da *-ity* galibi ba a ninkawa ko a Ingila: *legalise, finalise, equality, formality*.

7. Ku ɗauki qu a matsayin baƙi guda. Wannan u da ke bin q ba a lissafa ta cikin wasula, saboda haka *quit* wasali ɗaya gare shi, ya zama *quitting*. Haka *equip* da *equipped*, *acquit* da *acquitted*, *squat* da *squatting*, *quiz* da *quizzes*.

8. Ku ƙara k bayan c. Kalmar da ta ƙare da c ba a yi mata c biyu, k ake kawowa don kada c ta koma sautin s a gaban e ko i ko y. *Panic* ya zama *panicked*, *picnic* ya zama *picnicking*, *mimic* ya zama *mimicked*. Duk wanda ya taɓa karanta cikakken sunan hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane, ya ga *trafficking* da k ɗinsa, kuma daga *traffic* ya fito.

9. Ku haddace 'yan tawayen, ba su da yawa. Akwai kalmomin da danninsu ke farko amma ana ninka su: *kidnapped* da *kidnapper*, waɗanda jaridu suka sa ido ya saba da su, sai *handicapped, formatted, programmed*, da *worshipped* a rubutun Ingila. Akwai kuma waɗanda ƙa'ida ta so a ninka amma al'ada ta ƙi: jam'in *bus* shi ne *buses*, na *gas* shi ne *gases*. Ku rubuta su a bangon littafinku, ku riƙa dubawa har su zauna.

10. Ku mallaki ƙamus, ku kuma koyi karanta shi. Ƙamusun Oxford na masu koyon Turanci, wanda A. S. Hornby ya fara tsarawa, yana sa ɗan karan layi a sama kafin gaɓar da ake dannewa, yana kuma nuna fi'ilin da ake ninka wa baƙi. Kuɗinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya? Ku haɗa kai ku biyar ku saya. A ɗakin jarrabawa kuma ku rage minti biyar a ƙarshe, ku bi insha'inku da yatsa, ku tsaya a kan duk kalmar da ta ƙare da *-ing* ko *-ed* ku tambaye ta tushenta.

ABIN DA BA ZA A YI BA

1. Kada ku sake rubuta *writting*. Tushen *write* ne, da e ya ƙare, saboda haka *writing* da *writer* t ɗaya gare su. Abin da ke ruɗa ku *written* ne, shi kuwa wasalinsa gajere ne, dole ya nemi t biyu. Ku furta su a jere ku ji yadda wasalin farko ya sauya. Haka *biting* da *bitten*, *hiding* da *hidden*, *riding* da *ridden*. *Coming* m ɗaya, *shining* n ɗaya a tsakiya, *using* s ɗaya. Ɗakin cin abinci na makarantar kwana *dining hall* ne, ko da kun ga an rubuta *dinning* da babban fenti a saman ƙofarsa. *Dinner* ce ke da n biyu, ita ma don wasalinta gajere ne.

2. Kada ku ninka baƙin da wasali biyu suka gabata. *Rain* ya zama *raining*, *wait* ya zama *waiting*, *eat* ya zama *eating*, *read* ya zama *reading*, *sleep* ya zama *sleeping*, *cheat* ya zama *cheating*. Ko da l ce a ƙarshe hukuncin ɗaya ne: *failed, boiling, sailing, appealed*. Togaciyar ita ce irin su *fuelled* da *dialled* a rubutun Ingila.

3. Kada ku ninka in kalma ta riga ta ƙare da baƙi biyu. *Help* da *helped*, *farm* da *farming*, *jump* da *jumping*, *fish* da *fishing*, *weld* da *welding*, *print* da *printing*. Baƙi biyun da ke wurin sun wadatar, na uku kutse ne.

4. Kada ku ninka a gaban ɗafa-ƙeyar da ta fara da baƙi, wato su *-ment, -ness, -ly, -ful, -less*. Tushe ɗaya kan tafi hanya biyu, ku riƙe su tare. *Commit* ya ba da *committed* da *committee*, amma *commitment* t ɗaya ce kafin m. *Equip* ya ba da *equipped*, amma *equipment*. *Ship* ya ba da *shipping*, amma *shipment*. *Sad* ya ba da *sadder*, amma *sadness* da *sadly*. *Forget* ya ba da *forgetting*, amma *forgetful*. *Fit* ya ba da *fitting*, amma *fitness*.

5. Kada ku taɓa ninka w, x ko y. *Sewing, showing, fixing, mixed, boxing, playing, enjoyed*. Tela da ya sa aka rubuta masa w biyu a allon shagonsa ya biya kuɗin fentin banza.

6. Kada ku rikita ninki da haɗuwar haruffa. Wani lokaci tushe kan ƙare da harafin da ɗafa-ƙeya ta fara da shi, sai su haɗu su zama biyu, ba wanda aka ƙara. *Real* da *-ly* sun ba da *really*, *final* ya ba da *finally*, *usual* ya ba da *usually*, *sudden* da *-ness* sun ba da *suddenness*. Ita *-ful* kullum l ɗaya gare ta: *careful, beautiful, successful, grateful*. Sai an ƙara mata *-ly* take zama biyu. Wannan ya shafi kowane ɗayanku, domin wasiƙar neman aiki ko ta koke ga shugaban ƙaramar hukuma da *Yours faithfully* ake rufe ta: *faith*, sannan *ful*, sannan *ly*. Wanda ya faɗi a nan ya faɗi a layin da ya fi kowanne sauƙi. Ku riƙe kuma cewa *until* l ɗaya ce, *till* l biyu.

7. Kada ku sace harafi daga kalmar da ta zo da biyunta. *Fill* ya zama *filling*, shi ya sa gidan mai *filling station* ne. *Filing* daga *file* ya fito, jera takardu ne a ofis. Casar shinkafa a injinan Tudun Wada *milling* ce daga *mill*. Haka *selling, dressing, added, passed, calling*.

8. Kada ku gauraya rubutun Ingila da na Amurka a takarda ɗaya. Wanda ya rubuta *travelled* a sakin layi na farko ya dawo ya rubuta *canceled* a na uku ya nuna bai san ko ɗaya ba. Kada kuma ku zaci Amurkawa kullum ragewa suke yi. A wasu kalmomin su ne masu ƙarawa: Ingila na rubuta *enrol, enrolment, fulfil, skilful, instalment* da l ɗaya, Amurka na sa musu biyu. Ku tsaya a kan na littattafan da ake koyar da ku.

9. Kada ku mayar da waya malaminku. Wayoyi da kwamfutoci da yawa Turancin Amurka aka saita musu, za su ja jan layi a ƙarƙashin *travelling* ku ɗauka ku ne kuka yi kuskure. Mafi muni, waya ba ta san abin da kuke nufi ba. Kun rubuta *hopping* kuna nufin fata, za ta bar muku abinku, domin kalma ce. Ranar jarrabawa kuwa ba waya, daga ku sai biro.

10. Kada ku kwaikwayi duk abin da kuka gani a rubuce. Allon shago a Kwanar Ɗangora, rubutun bayan tifa, katin ɗaurin aure, saƙon WhatsApp da aka yi ta turawa, babu hujja a cikinsu. Ido kan saba da kuskure in ya gan shi sau da yawa, har daidai ya koma yi masa kama da kuskure.

11. Kada ku riƙa ninkawa don tsoro. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Yaro ya ji an ce *beginning* n biyu ne, sai ya bi *openning* da *listenning* da *happenned* da *visitted* ya ninke su duka wai don kada ya rasa. Ƙarin harafi da ragin harafi farashinsu ɗaya a wurin mai maki. Kada kuma ku murɗe rubutu ku cakuɗa haruffan don kada a gane ɗaya kuka sa ko biyu. Mai duba takardu ya ga wannan wayon tun kafin a haife ku.

GA MALAMAI DA MASU RUBUTA ALLUNA

Malamai, ku daina gyara kalma da jan biro ku wuce. Ku sa yaro ya faɗi tushenta da dalilin ninki ko rashinsa da bakinsa. Ku yi masa bayanin da Hausa in ta kama, ku fara da babba da baba, sannan ku nuna masa inda Turanci ya saɓa. Ku dawo da shifta ko sau ɗaya a mako, ku kuma duba abin da ku kanku kuke rubutawa a allo, domin kuskuren malami ɗaya na iya zama kuskuren aji guda. Ku masu fenti, kada ku buɗe gwangwani sai kun rubuta kalmar a takarda wani mai ƙamus ya gani. Allon da kuka rubuta zai shekara goma a tsaye, 'yan makaranta na wucewa ta gabansa safe da yamma.

Ku kuma ɗalibai, ga gwaji daga gonar masara, aikin da ba wanda zai koya muku. Ku liƙa *-ing* a kan waɗannan kalmomi tara ba tare da kun leƙa ƙasa ba: *ridge, plant, thin, weed, spray, reap, thresh, bag, sell*.

Amsa: *ridging*, an cire e. *Planting*, baƙi biyu a ƙarshe. *Thinning*, an ninka. *Weeding*, wasali biyu. *Spraying*, ba a ninka y. *Reaping*, wasali biyu. *Threshing*, baƙi biyu. *Bagging*, an ninka. *Selling*, da biyunsa ya zo. Biyu kacal cikin tara suka cancanci ninki. Duk wanda ya faɗi ko ɗaya, ko ya ci amma ya kasa faɗin dalili, ya koma lamba ta ɗaya ya sake farawa.